Ciyawar Cikin Waya

A shekarar farin nan da Binuwai ya janye har mata ke ratsa shi da ƙwarya a ka, babu wanda ya kai Absalom gajiya a Jimeta. Abin haushin kuma, ba noma yake yi ba, ba dako ba. Ciyawa yake gadi.

Ɗan Ganye ne, ma'aikacin gandun daji, yana kuma neman babban digiri a Zariya. Tun kafin a yanka Jihar Arewa maso Gabas ya kewaye wani fili a bayan Yolde Kohi da waya mai ƙaya, don ya ga abin da ƙasa za ta yi in an raba ta da wuta da bakin dabba. Kowane wata sai ya zo a kan babur, da igiyar awo da sikeli da ɗan lauje, ya yanki ciyawa cikin hannu ya auna. Ƙasar kuwa ta ba shi amsa. Gamba ta dawo har ta fi tsayin mutum, marke da taura suka tsiro a inda dā sai tsakuwa.

Awo ɗaya ya rage masa. Malaminsa ya ce na shekarar fari shi ne zuciyar aikin, amma dole ciyawar ta kai saukar ruwan farko ba a taɓa ta ba. In an taɓa, a koma farko. Wane farko? Furfura ta riga ta fito masa, matarsa Keturah ma ta daina tambayarsa yaushe zai gama.

Kusa da filin akwai rugar wani dattijon Bafulatani, Jalo. Ranar da aka kafa wayar, Absalom ya je ya durƙusa ya roƙe shi ya tsare masa wurin daga shanu. Jalo ya ce, "Na ji." Shi ke nan fa abin da ya faɗa. Daga ranar, da sanda da tsawa ya koya wa garkensa kauce wa wayar, kuma ko kofato ɗaya bai taɓa shiga ba.

To ga fari ya zo. Bazara ta yi bazara, duk dajin ya koma fili fetal, sai cikin wayar nan kaɗai gamba ke tsaye, busasshiya a sama, gindinta da ɗan kore. Yanzu kullum sai Absalom ya zo duba wurin. Kowace safiya yana kashe babur zai tarar da Jalo zaune a kan dutse a waje, sanda a kafaɗa. Su gaisa. Jalo ya yi zancen zafi, ya yi zancen ciwon gwiwarsa, ya tambayi lafiyar yara. A bayansa shanu na lasar ƙasa, haƙarƙarinsu duk a waje, amma ko da wasa ba zai ambace su ba.

Absalom ya san dalili. Dattijo irin Jalo ba ya roƙo, kunya ba za ta bar shi ba ko da garken zai ƙare a gabansa. Wannan ne ke ci masa rai. A zuci yakan ce, "Kai tsohon nan, ka roƙa mana in hana ka, kowa ya huta!" Wani lokaci har fata yake ya zo ya tarar an datse wayar, ya samu wanda zai yi wa faɗa. Ina! Kullum tana nan lafiya lau.

Wata rana ya kasa daurewa ya ce, "Baffa, yaya shanun?"

"Lafiya, Malam. Suna nan."

"Ina farar nan mai karyayyen ƙaho?"

Jalo ya dubi ungulayen da ke shawagi can gefen ruga, ya ce, "Ya huta."

Ranar Absalom bai iya cin tuwo ba. Ya zauna a ƙofar gida a Limawa yana jin haushin Jalo, da Zariya, da gamba, da kansa.

Bayan 'yan kwanaki ya tarar da Jalo a tsaye, ba a zaune ba, da ɗan nono a gindin ƙwarya. Ya miƙa masa ya ce, "Malam, gobe zan yi kudu da abin da ya rage, wajen ƙasarku. Ka zaga wayarka ka duba tun ina nan. Ajiyarka yana yadda ka bar shi."

Absalom ya san hanyar nan sarai, hanyar gidansu ce. Ya dubi ƙafafun shanun, ya san ko Ngurore ba za su kai ba. Ya ajiye ƙwaryar, ya nufi ƙofar filin, ya kwance ta ya wangale.

"Haba Malam, rufe," in ji Jalo. "Ban ce komai ba."

"Na sani, Baffa, ba ka ce ba. Ni na ce. Kora su."

Da ƙyar tsohon ya yarda. Ya yi wa shanun kira, suka taso suna tangaɗi, suna shinshinar iska. Da suka iso bakin ƙofa sai suka tsaya cak. Ta gaba ta karkata kai ta bi gefen waya, sauran suka bi ta, yadda aka koya musu shekara da shekaru. Jalo ya sake kira, ya tura, ya ɗaga sanda, to ganin sandan a wurin nan ma sai ya ƙara korar su baya. Ga ƙofa a buɗe, ga abinci, ga yunwa, sun ƙi. Jalo ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifi.

Wallahi Absalom ya so a ce sun afka da kansu, ya juya baya kawai ya ce ƙaddara ce. Bai samu ko wannan ba. Ya tuɓe rigarsa ya rataye a waya, ya ɗauko ɗan laujen nan na awo, ya shiga ya kama gindin gambar da ya fi daɗewa yana aunawa. Ya yanka, ya yanka, gumi na shiga masa ido, Jalo na bin sa yana ɗaurewa.

Da ya ɗauko damin farko, ƙafarsa ta kai shi wajen sikeli don sabo. Ya tsaya a gabansa jim kaɗan, damin a ka. Sannan ya wuce, ya fita ƙofa, ya zube shi a gaban shanun.