Wankin Cikin Jatau Mahauci

"Tallafe masa kai, Tela," in ji Hajo. "In ka sake shi zubarwa zai yi."

Na tallafe. Kan Jatau ba nauyi, kamar busasshiyar ƙwarya na riƙe. Hajo matarsa ta kai masa kofi baki, ruwan filasko da tsamiya, baƙi-baƙi, yana tururi. Ya shanye bai ko yamutsa fuska ba, ya miƙa mata kofin ya ce, "Sannu." Muka zauna muna jiran cikin ya motsa. Bai motsa ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a Zongon Parakou. Ni ɗinki nake yi a zaurena, shi mahauci ne, kuma a kwata kayan ciki ne sana'arsa. Tun kafin Turawa su tafi unguwa ta san shi da wankin ciki. Ranar Alhamis ba ya taɓa nama, sai kunu da dafaffen zogale, da la'asar kuma Hajo ta dafa masa filasko. Ba ya sha shi kaɗai. Sai ka ji murya ta kan katanga.

"Tela! Kai da kake zaune kan keke tun safe, cikinka ya fi na kowa datti. Karɓi."

In na ce lafiyata lau, sai ya yi dariya. "Ni da nake wanke hanjin saniya kullum, ka tambaye ni abin da ke ɓoye a ciki. Saniyar ma lafiya lau take tafiya."

Shekarar da sojoji suka sake karɓe mulki a Cotonou cikinsa ya fara ɗaurewa. In ya saki kuma sai da jini. Hajo ta ce basir ne, ta ƙara yawan filasko, ta haɗa da kanwa. Mata suka kawo mata saiwoyi, wani malami ya ba da rubutu. Jatau ya sha duka. Na rage masa ƙugun wando, ba a jima ba ya sake aiko shi na ƙara ragewa. A asibiti likita ya danna cikin, ya ce sai an tsaga, kuma ba a nan ba, sai sun hau jirgin ƙasa zuwa Cotonou. Jatau ya ce, "Mersi, dokta," ya sa hularsa ya dawo gida. Bai sake maganar ba.

Ranar da na tallafe masa kai ɗin nan, da na tashi tafiya Hajo ta biyo ni har zaure.

"An ce akwai wata tsohuwa a Djougou, Iyatu. Ita ba ciki kawai take dubawa ba. Abincin mutum take tambaya, da barcinsa, har abin da ke damun ransa. Matan masu goro sun ce ta tayar da waɗanda suka fi shi." Ta gyara mayafi. "Ni kaɗai ba zan iya ɗaga shi ba."

Ba su da ɗa namiji, 'yarsu ɗaya tana aure a Malanville. Na ce to.

Muka samu kamiyon gishiri, babbar motar kaya, a bakin gar, tashar jirgin ƙasa. Direban ya bar wa Jatau gaba, ni da Hajo muka hau bisa buhuna. Ƙarshen damina ne, hanya duk ramuka. Duk ramin da motar ta faɗa sai Hajo ta leƙa ta gefe ko za ta hango shi. Hannunsa kawai ake gani, ya riƙe ƙofa.

Gidan Iyatu yana bayan kasuwa. Tsohuwa ce ƙarama, Hausarta da karin Dendi. Ta sa aka kwantar da shi a tabarma, ta zauna tana tambaya. Me yake ci? Yaushe rabonsa da barci mai daɗi? Wa yake zuwa hira wurinsa? Hajo ke amsawa, Jatau yana kallon rufi. Daga nan ta shafa man kaɗanya a tafin hannu, ta bi cikin a hankali daga dama zuwa hagu. A hagu ta tsaya. Ta dubi Jatau, shi ma ya dube ta. Sai ta tashi ta wanke hannu, ta daɗe tana wankewa.

"Me kike ba shi, 'yata?"

Hajo ta faɗa mata.

"Ki daina."

"Ai ba ya fita ne, Iya. In ba a wanke ba ta ina zai fita?"

"Hanyar ce ta toshe. Duk abin da kika tura, ciwo kike ƙara masa." Ta zauna. "Kunu mai ruwa-ruwa, da zuma kaɗan. Ki shafa masa mai a baya. Da safe a fito da shi ya sha hantsi, abokansa su zo su yi masa surutu. Abin da ransa ya so, ki ba shi."

Hajo ta ce, "Maganin fa?"

"Shi ne na faɗa miki."

Muka fito muka zauna ƙarƙashin wani mangwaro muna jiran motar komawa. Hajo ta ce za ta shiga kasuwa. Da ta ɓace cikin mutane, Jatau ya ce, "Kawo hannunka."

Ya ɗaga riga ya ɗora yatsuna a hagun cikinsa, ya danna. Wani abu ne mai tauri kamar ɗanyen gwaiba, ba ya gocewa.

"Na sha samun irinsa a hanjin shanu," ya ce. "In muka gani ba ma sayarwa. Yankewa muke mu jefa wa ungulu."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin azumi."

"To me ya sa kake shan abin nan, Jatau? Ina jin nishinka ta katanga."

Ya sauke rigar. "Hajo ba ta iya zama haka kawai. In na hana ta dafawa, me za ta yi da hannunta? Zama za ta yi tana kallona." Ya numfasa. "Kada ka gaya mata."

Na duba raina ko zan ji wani abu, ban ji ba. Ina ta kallon wata akuya tana cin ɓawon doya, har ta gama ta tafi. Hajo ta dawo da ƙunshi a hammata. Tun daga nesa na ji warin filasko.

A Parakou ta yi duk abin da tsohuwa ta ce. Ta dama kunu, ta shafa mai, da hantsi sai in zo in ɗauko shi mu ajiye a ƙofar gida. Mahauta in sun tashi daga kwata su biyo, su zauna suna ba shi labarin farashin shanu da rigimar da aka yi da Filani a kara. Abu ɗaya ne ba ta daina ba. Da la'asar tukunyar nan tana kan wuta. Shi kuma yana karɓa, ya kurɓa, ya ce sannu. Cikin ya kumbura har yana sheƙi, sauran jikin ya zama ƙashi.

Sau da yawa na tashi daga kan keke da niyyar in yi mata magana. Sai in tsaya a zaurensu in ji tana fifita wuta, in komo.

Wata safiya ya ce romo yake so, romon kayan ciki.

"Nama a wannan cikin, Malam?" in ji Hajo. "Ai shi ne zai ƙara cushe shi."

"Hajo."

Sunanta kawai ya kira. Ta tsaya da mafici a hannu, ta dube shi, ta daɗe. Ban san abin da ta gani ba. Ta sauke tukunyar magani daga murhu, ta kai bayan ɗaki ta tuttular, ta ce da ni, "Tela, ka je kwata ka ce da Ladan ya ba ni hanji mai kyau."

Ladan abokin sana'ar Jatau ne. Shi ya wanke hanjin da kansa ya kawo. Jatau ya sa aka nuna masa kafin a dafa, ya juya shi da yatsa ya ce, "Ka bar maiƙo a nan." Ladan ya ce, "To, maigida," ya koma ya sake wankewa. Da romon ya nuna Jatau ya kurɓi kaɗan, ya riƙe a baki, ya haɗiye da ƙyar. Ya ce gishiri ya yi daidai.

Washegari da hantsi muna ƙofar gida, Jatau yana jingine da ni, Ladan yana ba da labarin wani bijimi da ya tsinke igiya a unguwar Banikanni. Bai kai ƙarshe ba ya yi shiru yana kallon kafaɗata. Ni ban ji lokacin ba. Nauyin da ke jikina bai canja ba. Ladan ya yi salati, ya shafa wa Jatau ido. Na ji Hajo a ciki tana kankare tukunya, na ce a bari ta gama tukuna kafin a gaya mata.

Ni na ɗinka likkafani. Na yanko yadi yadda na san jikinsa tun da, sai ya yi yawa, na sake ragewa. Bayan azahar muka kai shi.

Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a zaure, mahauta suka shiga suka zauna. Ni na tsaya waje, na rasa wurin zama. Takalmansu na nan jere a bakin ƙofa, daga kwata suka taho ba su wanke ba, jini ya bushe a kan maɗaurai. Ƙudaje suna tashi daga wannan su sauka kan wancan.