Kiwon Kwamfutar Aro

Shekara shida ke nan da ciwon sammore ya share garken Joda, ya tattara ya dawo cikin Gombe wurin 'yarsa Zulaihatu a Shamaki. Ya zo da sandarsa, amma ba abin kaɗawa. Cikin shanun da suka mutu kuwa, ɗaya ce ta fi tsaya masa a rai, domin ba tasa ba ce. A wurinsu makiyaya, idan mutum ya yi asarar dabbobi, wani kan ara masa saniya. Ta haihu sau uku, 'yan maruƙan nasa ne, uwar kuma a mayar wa mai ita da ranta. Amininsa Mu'azzam ya ara masa irin wannan, ta haihu biyu, ta mutu a hannunsa da cikin na uku. Mu'azzam bai taɓa tayar da zancen ba har ya koma ga Allah, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Abin da Joda ya mayar sana'a shi ne zama a benci a ƙofar shagon Laminu, a Kumbiya-Kumbiya. Laminu ɗan Borno ne, rikici ya koro su, yana gyaran kwamfuta. Wani ofis a GRA ya zubar da tsofaffin kwamfutoci goma sha ɗaya, shi kuma ya kwaso ya tayar da su, ya sa su aikin sa kai. Yadda ya yi wa Joda bayani, wai akwai masu binciken magani da ke da lissafin da ya fi ƙarfin na'ura ɗaya. Sai su yayyanka shi gunduwa-gunduwa, su aika wa duk wanda ya yarda, kwamfutarsa ta tauna ta mayar musu. Joda bai gane rabin zancen ba, amma ya gane taunawa.

Wata Lahadi da hantsi ya tarar Laminu ya kwantar da mafi tsufa a cikinsu, wata baƙa mai tari, ya ɗauko sukudireba.

“Yanka ta za ka yi?” in ji Joda.

“Baffa, wutar solata ba ta ɗaukar ta. Zan cire kayan cikinta in sa wa sauran.”

Joda ya leƙa gilashin kwamfutar, ya ga wani koren layi da bai kai rabi ba. Laminu ya ce aikin da ta ɗauko ne, idan layin ya cika ta gama. Joda ya ja da baya yana salati. Mai ciki ce za a yanka da rana tsaka!

Laminu ya yi dariya. “To Baffa, in tausayinta kake ji, ɗauke ta, na ba ka aro. Aiki uku ta ɗauko, kuma ba ta buƙatar intanet sai ta gama. Wuta kawai take so. Ta gama ukun ka dawo da ita in tura. Amma wa'adin ran Juma'a ta sama ne da la'asar. In ya wuce, za su ba wata kwamfuta a wata ƙasa, ni kuma in kwance ta.”

Shi Laminu wasa yake yi. Amma ya ce aro, ya kuma ce uku, a gaban mutumin da ya shekara shida yana jiran wani ya sake yarda da shi. Joda ya cire hularsa, ya kama hannun Laminu da hannu biyu, ya yi masa doguwar addu'a da Fillanci. Ya raɗa mata suna Ɓaleye saboda baƙinta, ya ari baron maƙwabci ya turo ta gida.

A nan ya gano abin da duk mutumin gari ya sani, wato wuta ba ta zama wuri ɗaya. Ta leƙo Shamaki da safe, kafin ka ɗaura zariyar wando ta wuce. Mutanen birni sai su zauna su yi tsaki su jira. Joda ya ga wannan rashin tarbiyya ne. Tun yaushe ciyawa take zuwa wurin saniya? Washegari ya ɗora Ɓaleye a baro, gilashinta a naɗe cikin bargo, ya saɓa sanda ya fita kiwo.

Cikin kwana uku ya fi masu wutar sanin inda wutar take. In ya ji janaretoci sun yi shiru a wani layi, an kawo ke nan. In ya hango tartsatsin masu walda, sai ya karkata baro ya nufi can. Yakan tsaya wurin mai shayi ya tambaya, “Yau ina ta sauka?” kamar ruwan sama yake cigiya. Yana isa sai ya yi sallama, ya gaisa har da tambayar iyali, sannan ya nemi izinin soket. Yawancin mutane dariya ke hana su cewa a'a.

Da yamma yakan zauna a tsakar gida yana tsince ƙura daga fankarta da tsinke, wai kaska yake cirewa. Ran da Zulaihatu ta tarar ya ajiye mata kwanon kanwa a gaba, sai ta dafe kai.

“Baba, don Allah! Mutane fa suna magana. Wai ka samu taɓi.”

“Na ce ta ci ne? Ajiyewa na yi. In tana so ga shi nan.”

Zulaihatu ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta lura rabon da ta ga ubanta ya cinye tuwonsa tas tun suna ruga. Ta ɗauke kwanon tuwon, ta bar na kanwar.

Haihuwar fari a shagon wani mai aski ta zo. Layin ya cika, ya ɓace, wani sabo ya fito fanko. Joda ya yi kabbarar da ta sa mai askin ya zabge wa wani bawan Allah rabin gira. Ta biyu a wurin tela aka yi, ya raba dabino. Daga nan ne tsoro ya shige shi, domin a daidai nan aka tsaya wancan karon.

Ran Laraba ya yi ɓarna. Ya bi wuta har wani zaure a ƙarshen Shamaki, ya yi sallama sau uku ba a amsa ba. Ga soket ɗaya tak, da wata farar waya a ciki. Ya ce a ransa ɗan lokaci kaɗan ne, ya zare ya sa tasa. Wayar ta firizar Ya Falmata ce, wata dattijuwa 'yar Borno mai sayar da zoɓo da ƙanƙara, ta tafi barkar suna. Ta dawo bayan azahar ta tarar ƙanƙararta ta zama rafi ta bi ƙarƙashin ƙofa, ga wani tsoho a zaune yana yi wa akwati fito.

“Kai wane ne? Wa ya sa ka? Ka kashe ni!”

Joda ya san doka. In dabbarka ta shiga gonar mutum, ba ka gudu, ba ka musu. Ya miƙe, ya ajiye sanda a ƙasa, ya sunkuyar da kai. Ta zage shi da Hausa, Hausar ta ƙare, ta koma Barbarci. Da ta tsaya shan iska ya ce, “Laifina ne, yaya. Ta aro ce, kuma cikinta na uku ne. Na taɓa rasa irinta a daidai nan.”

Ya Falmata ta dubi akwatin, ta dubi tsohon. Ta tabbata mahaukaci ne. Amma sai ta zauna a bakin dakali ta ce, “Ran da muka gudo, awakina tara na bari a ɗaure. Ban samu na kwance su ba.” Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce ya kwashe tarkacensa ya ba ta wuri.

Ran Juma'a gari ya waye babu wuta ko'ina. Joda ya tura baro daga Shamaki zuwa Kumbiya-Kumbiya, ya miƙa har bakin GRA, duk inda ya sa kunne janareto ne ke kuka. Masu janareto kuwa kowa ya ce nasa ba ya ɗaukar ƙari. Abin da ya rage layin ya cika bai fi faɗin yatsa ba. Bayan an sauko daga masallaci ƙafafunsa suka kai shi zauren da aka kore shi, don ba shi da sauran wurin zuwa.

Ya Falmata tana da ɗan ƙaramin janareto, na firiza kaɗai. Ta gan shi tsaye, gumi har gwiwa, bai iya ko roƙo ba. Ta yi tsaki mai tsawo, ta tashi da kanta ta zare farar wayar daga janareton, ta sa ta Ɓaleye.

Ɓaleye ta tashi, layin ya fara rarrafe. Can sai fankarta ta yi wani gurnani ta tsaya cak, jikinta ya ɗau zafi, wani ƙauri ya fara tashi. Joda ya durƙusa ya dafa ta. Ya san wannan zafin, ya taɓa jin sa a tafin hannunsa ran da saniyar Mu'azzam ta mutu.

“Matsa, ba ka san komai ba!” in ji Ya Falmata. Ta ɗebo ƙullin ƙanƙara ta jera a kewayen akwatin, ta miƙa masa faifai ta ce ya yi ta fifita. Matan gidan suka fito suka yi da'ira. Wata ta ce a kunna turare, wata ta ce maza su fita, aka tuna mata cewa namijin shi ne mai fifitar. Wata tsohuwa da ba ta san abin da ake yi ba ta shiga cewa, “Yi nishi, 'yar nan, yi nishi!”

Layin ya cika. Wata ta rangaɗa guɗa.

Yadda tsoho ɗan shekara sittin da biyar ya yi gudu da baro daga Shamaki zuwa Kumbiya-Kumbiya, har yau masu Keke Napep suna ba da labari. Ya isa ladan yana gyaran murya zai kira la'asar. Laminu ya jona ta, ya haɗa ta da intanet, ya ƙura ido, sannan ya ɗago da mamaki. “Baffa, sun tafi. Duka ukun. An karɓa.”

Joda ya gyara hula. Ya goge Ɓaleye da hannun rigarsa, ya tura baron har gaban ƙafar Laminu. “Ga amanarka. Ta haihu uku, kuma da ranta. Taɓa ka ji.”

“Haba Baffa, ai ka riƙe ta kawai.”

“Ba a haka. Taɓa.”

Laminu ya ɗora hannu a kan akwatin, ya ce ya ji, ya karɓa, kuma sukudireba ba zai kusance ta ba, sannan ya sauke ta daga baron. Joda ya zauna a benci ya rufe fuska da tafuka biyu. Kuka yake yi, ba kuma na Laminu ba ne, na Mu'azzam ne. Da ya nutsu ya face hanci ya ce, “To, ina 'yan maruƙana?”

Laminu ya sosa ƙeya. Ya ce ai su ne suka tafi yanzun nan, can wurin masu binciken.

“Duka? Ba a bar mini ko ɗaya ba?”

“Haka tsarin yake, Baffa.”

“Su waye mutanen nan? Maganin me suke nema?”

Laminu ya duba gilashin ya karanta, ya fassara. “Ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke sa wa mutane da shanu. Sammore.”

Joda ya daɗe yana kallon sandarsa. “Sun samu?”

“Tukuna.”

“Ashe su ma ba su da komai.” Ya miƙe, ya kama hannun baron da ba komai a ciki. “To rubuta musu. Ka ce Joda na Shamaki ya ce 'yan maruƙan nan aro ne. In sun haihu sau uku, su riƙe 'ya'yan, su dawo mini da iyayen.”