Gaban Motar Mus'ab

Ranar da yayana Mus'ab ya kawo sabuwar motarshi gida Tambuwal, Baba ko barka bai yi mai ba. Zagaya ta ya yi, ya ƙwanƙwasa gabanta da yatsa, ta yi ƙara kamar ƙwarya.

"Wagga mota ce ko robar wanki?"

Babanmu Attahiru mai walda ne, da ƙarfe ya ciyar da mu. Abin da bai da nauyi, wurinshi bai da amana.

"Baba, da gangan anka yi ta haka," in ji Mus'ab. "Zare da roba anka haɗa. In an yi karo, gaban shi murƙushe shi sha dukan, na ciki shi tsira."

"Kai, rufa man baki! Kullum kana bisa hanyar Kebbe, ga ramu ga shanu, roba ce za ta tsare man kai?"

Mus'ab malamin makaranta ne a Kebbe, amma a gidanmu ba a maida ma Baba magana sau biyu. Ya miƙa makulli.

Baba ya kwance gaban motar, ya narka mata ƙarafa masu kauri tun daga bamba har ƙarƙashin kujerar direba. Wallahi da so ya yi aikin, tuwonshi ma a rufe ya huce. Da ya gama ya daki ƙarfen da tafin hannu yana murmushi. "Yanzu hankalina ya kwanta."

Wata Litinin da safe, kusa da Kebbe, shanu sunka keto hanya. Mus'ab ya kauce masu, ya daki icen kuka.

Ba jini a jikinshi, ko rigarshi ba ta yage ba, amma rai ya yi halinshi. Likita ya ce tunda gaban bai lanƙwashe ba, dukan bai sami wurin tsayawa ba sai ƙirjinshi.

Anka jawo motar anka aje ƙofar gida, fitila ɗaya kawai ta fashe. Masu ta'aziyya kuwa, Allah shi yafe masu, sai sun tsaya sun shafa ta. Daga zaure ina jinsu: "Kai, Malam Attahiru, hannunka da kyau! Dubi, ko lotsewa ba ta yi ba. Kwana ne dai ya ƙare." Wai lallashi suke. Ni ji nike kamar in fita in watsa masu ruwan zafi. Baba dai kanshi na ƙasa.

Bayan sadakar bakwai, da hantsi, na ji ƙarar guduma. Na leƙa. Baba ne durƙushe gaban motar, yana dukan ƙarfen da ya sa, zufa da hawaye sun haɗe a gemunshi.

"Baba, ya isa haka."

Bai juyo ba. "Naja'atu, ya faɗa man. Da bakinshi ya faɗa man."

Ya sake ɗaga guduma ya maka da duk ƙarfinshi. Ƙarfen ko gezau.