Janar da Birninsa na Katako

"Mayar da dawakin nan inda ka ɗauko su," in ji Janar.

Kafinta ya yi kamar bai ji ba. Ya riga ya janye mahayansa huɗu daga bakin gada ya kai su can bayan tudu, inda ko akuya ba za su tare ba, ya bar hanyar shigar da abinci birni wayam. Ya ɗauki kofin shayinsa ya kurɓa, idonsa a kan allon wasan.

"Maƙwabci, da kai nake."

"Ai doka ta ce in hannu ya saki, ya saki. Kai ka rubuta ta da hannunka."

"Na rubuta ta don mai kuskure. Wannan ba kuskure ba ne."

Janar dai ba soja ba ne, ko bindigar wasa bai taɓa riƙewa ba. Malamin tarihi ne, shekara talatin yana koyarwa kafin ya yi ritaya. Kafinta ne ya laƙaba masa sunan don tsokana, domin shekara goma sha ɗaya ke nan yana jagorantar tsaron birni ɗaya a kan allon nan, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ceto shi ba. Sunan ya bi shi har layin ya manta na gaskiya. Matarsa ma in ta so ta ba shi haushi da shi take kiransa.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Wata rana Janar ya dawo daga wurin mai sayar da tsofaffin littattafai da wani yagaggen kwali a hammata. A ciki akwai wani wasa mai sojojin roba da taswirar wani yaƙi na ɗaruruwan shekaru da suka wuce: birni mai ganuwa da ƙofofi uku, kogi, gada, da rundunar da ta zo ta kewaye shi. Rabin sojojin robar sun ɓace. Kafinta ya sassaƙa sababbi da guntayen katako, na birni ya shafa musu shuɗin fenti, maharan ja. Taswirar ta yage, ya zana ta a kan falanki ya ɗaga ganuwar ta yi tsayin ɗan yatsa.

Shi kuwa Janar dokokin ya sa wa ido. Ya karanta su sau biyu ya ce waɗanda suka ƙirƙiri wasan ba su san tarihi ba. Ya sayi littafi mai baƙin bango ya shiga gyara. A tarihi yunwa ta ci mutanen birnin, saboda haka ya rubuta cewa duk zagaye uku birni zai rasa mutum ɗaya in abinci bai shiga ba. A tarihi ganuwar gabas ta tsufa, sai ya rage mata ƙarfi. Nasarar birni ɗaya ce tak: ya kai zagaye goma sha biyu, lokacin da ruwan sama zai cika kogi maharan su watse. Duk dokar da ya ƙara kansa take dannewa, domin shi kullum shuɗi yake ɗauka. Kafinta ya sha ce masa bai taɓa ganin mutumin da ke ɗaure kansa da kansa yana murna ba. Amsar Janar ba ta canzawa: in ba haka abin ya kasance ba, ba ya son nasarar.

Yanzu wata guda ke nan da likita ya ce a koma da shi gida, hantar ta gama aiki. Kafinta ya ƙera ɗan tebur mai gajerun ƙafafu da ke hawa kan gado, aka ci gaba da wasa a ɗakin, tsakanin kwalaben magani da ƙarar fanka. Shekaranjiya ne Auta, 'yar Janar ta ƙarshe, ta sami Kafinta a shago ta tsaya tana murza yatsu.

"Kawu, don Allah ka bar shi ya ci. Sau ɗaya kawai. Ba shi da sauran kwanaki da yawa."

Kafinta ya ga maganar tana kan hanya, ya amsa mata. Abin da bai lissafa ba shi ne mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana kallon hannunka ya san tafiyarka fiye da kai.

Janar ya jingina da matashi, idanunsa sun yi rawaya amma ba su rage kaifi ba.

"Kai da ba ka taɓa barin gadar nan ba ko da ana kiranka a waya. Yau ka bar ta. Me ya sa?"

"Tsufa ne, Janar. Ido ya fara..."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau. Shekara da shekaru kana cinye ni babu tausayi, ina jin daɗin abina, don na san da mutum kake wasa. Yau ka ga na kwanta, shi ne ka zo yi mini ta'aziyya tun ina numfashi."

Kafinta bai ambaci Auta ba, yarinyar ba ta yi don mugunta ba.

Janar ya ɗaga murya iyakar abin da ƙirjinsa ya bari. "Maman Auta! Zo ki ɗauke teburin nan. Maƙwabci zai tafi."

Kwana huɗu aka yi a haka. Kullum da safe Kafinta zai buga ƙofa, Maman Auta ta leƙo ta ce barci yake. Ya koma shago ya kama aiki, aikin ya ƙi. Ya yanke ƙafar kujerar wani mutum gajeriya da inci biyu, abin da rabonsa da yi tun yana koyo. Ta bayan katanga yana jin tarin Janar, kuma kowane tari ya fi na jiya rauni. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske: kada mutumin nan ya tafi yana fushi da shi, ya bar shi da abin da ba shi da wurin kai wa gyara.

Rana ta biyar Maman Auta ta buɗe ƙofa ta dube shi, ta sauke numfashi.

"Ba barci yake ba. Na gaji da yi muku ƙarya, ku biyun duk kun ishe ni. Teburin yana bayan ƙofa."

Kafinta ya ɗauka ya shiga. Janar ya rame fiye da yadda kwana huɗu suka isa su ramar da mutum. Ya juyar da fuska bango.

"Na raina ka," in ji Kafinta. "Ban yi nufi ba, amma raini ne. Ka yafe mini."

Can Janar ya ce, bai juyo ba, "Ka zo da jajayen naka duka?"

"Suna nan."

"To jera. In ka saki ko soja ɗaya don tausayi zan gane, kuma ko gawata ban yarda ka ɗauka ba."

Aka fara wajen ƙarfe goma na safe. Hannun Janar ba ya iya kai wa allon, sai dai ya faɗa Kafinta ya matsar masa. "'Yan baka uku zuwa ƙofar kogi. A'a, uku na ce, kai kullum sai ka yi mini ƙwange." 'Ya'yan ludo biyun da ake jefawa kuwa bai yarda kowa ya taɓa masa ba. Yakan riƙe su ya sake, su gangara kan bargo, Auta ta karanta ɗigon da ya fito. Sau biyu barci ya ɗauke shi a tsakiyar magana, Kafinta ya zauna shiru yana jira har ya farka ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Kuma ranar Janar ya yi wasan da bai taɓa yi ba. Ya ƙona gadar tun a zagaye na huɗu, ya halaka wa Kafinta mahaya biyu a bakin ruwa. Zagaye na takwas ya wuce birni na tsaye. Kafinta ya cire hula ya ajiye, gumi yake na gaskiya. Maman Auta ta bar aikinta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ita da ta sha cewa wasan nan na yara ne masu furfura.

A ƙarshen zagaye na tara Kafinta ya miƙa hannu zai ci gaba, Janar ya ɗaga yatsa.

"Dokar yunwa. Zagaye uku sun cika, abinci bai shiga ba. Cire mini ɗaya."

"Wallahi mantuwa ce, ba..."

"Na sani. Na ga fuskarka. Cire na gabas."

Wannan mutum ɗayan shi ne ya buɗe ɓaraka. A zagaye na goma sha ɗaya, saura taki ɗaya ruwa ya sauko, Kafinta ya ga ƙofar gabas da 'yan baka biyu kacal, ga dakarunsa shida a gindinta. Ya ɗaga kai. Auta na zaune a gefen gado tana kallonsa, idonta cike da ƙwalla, tana girgiza kai a hankali. Ya dubi Janar. Shi ba allon yake kallo ba, hannun Kafinta yake kallo.

Kafinta ya tattara dakarun shida ya tura su ƙofar gabas. Ya jefa, biyar da shida suka fito. Ya kwantar da shuɗayen biyu a kan ganuwa.

"Birni ya faɗi," ya ce.

Janar ya rufe ido, ƙirjinsa ya fara rawa. Sai da suka tsorata kafin su gane dariya ce.

"Mugu," in ji shi. "Kai mugu ne, maƙwabci. Sha ɗaya fa! Ban taɓa wuce tara ba. Maman Auta, kin gani? Sai da na sa shi cire hula."

A tsakar gida Auta ta tare Kafinta. "Kawu, sau ɗaya tak na roƙe ka. Taki ɗaya ya rage masa." Kafinta ya sa takalmansa ya fita. Washegari ya zo aka ce jikin ya yi nauyi, kuma wannan karon gaskiya ce. Ya zauna kusa da shi na ɗan lokaci, Janar bai farka ba.

Kwana na uku da hantsi yana yankan katako ya ji kuka ya tashi ta bayan katanga. Ya ajiye zarton a hankali, ya kakkaɓe garin katako daga rigarsa, ya zagaya. Da shi aka ɗauki gawar Janar, da shi aka rufe shi. Tsofaffin ɗalibansa suka cika layin, wasu da furfura, suna ta ba da labarin yadda yake zana taswira a allo ba ya duba littafi. Kafinta ya karɓi gaisuwa kamar ɗan'uwa. Duk kwanakin nan Auta ba ta haɗa ido da shi ba, shi ma bai ga laifinta ba. Shi kansa yana ta juya abin a ransa, ko da ya yi jinkirin taki ɗaya ne ya fi.

Bayan mako guda, mutane sun watse, Maman Auta ta aika a kira shi ya ɗauki teburinsa za a share ɗakin. Ya shiga. An naɗe katifa, an kwashe kwalaben magani. Teburin na kan gadon da babu komai, an rufe shi da ƙyalle. Ya yaye.

Allon a jere yake, sabon wasa. Shuɗaye duk suna kan wurarensu, amma ba yadda aka saba ba. An bar ƙofar kogi kusan babu kowa, an tara 'yan baka a gabas, an fitar da dakaru huɗu wajen ganuwa an ɓoye su a bayan tudu. Gefen jajaye babu ko ɗaya, suna cikin kwali.

"Ni na jera," in ji Auta daga bayansa. Ta shigo bai ji ba. "Ranar da ka zo yana barci, da yamma ya farka ya ce a kawo allo. Sau uku yana sa ni in rushe in sake. Har faɗa ya yi mini na sa ɗan baka a gurbin da ba nasa ba." Ta goge ido da bayan hannu. "Rabon da in ga Baba da kuzari haka tun kafin asibiti. Ya ce a gaya wa Kawu ya zo da wuri, ya gano inda zai kama shi."

Kafinta ya sunkuya a kan allon. Ya bi hanyar gada da ɗan yatsa, ya ga dakarun bayan tudu za su rufe shi ta baya. Ya gwada ta gabas, babu hanya. Ya koma ƙofar kogin da aka bari kamar kyauta, ya ƙirga zagaye a ransa, ya daɗe yana ƙirgawa.

"Yaya, Kawu? Da ya ci?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Amma har yanzu ban ga ta inda zan shiga ba."

Ya jawo kujera ya zauna a gefen gadon. Auta ta ɗauko kwalin ta riƙe masa, ya riƙa ciro jajayen ɗaya bayan ɗaya yana jera su a hayin kogi.