Kujerar Roba a Rumfar Masu Gyaran Takalmi

Su biyu ne a rumfar gyaran takalmi da ke bakin tasha, Gajere da Dogo. Tun suna samari suke zaune a ƙasa kan buhu, gwiwa da gwiwa, basilla ɗaya na yawo tsakaninsu. Babu babba, babu ƙarami. In ba su tsokani juna da safe ba, to gari bai waye ba.

Da gwiwar Gajere ta fara ciwo, 'yarsa ta kawo masa kujerar roba daga gida. "Baba, don Allah ka daina naɗe ƙafar nan."

Dogo ya yi dariya har da dukan cinya. "Yau Gajere ya ga tsakiyar kaina! Yaya garin daga can sama?"

"Sanƙonka nake kallo, kamar an goga masa man takalmi."

Wasa-wasa abu ya sake. Duk wanda ya zo sai ya wuce Dogo, ya miƙa wa na kan kujera takalminsa, ya ce, "Maigida, a duba mini." Ɗinki kuwa ba ya daɗi a kan kujera, babu wurin danne takalmi, sai Gajere ya miƙa ƙasa. Ya zama shi ke magana da mutane, Dogo ke huda fata. Mai shayi ma ya koma fara zuba wa Gajere. Ba wanda ya shirya haka, ba kuma wanda ya yi da mugunta.

Wata rana wata mata ta ce wa Dogo, "Kai, yi sauri mana, maigidanka ya ce yanzu za a gama." Dogo bai ɗago ba.

Washegari Dogo ya iso, ya ɗan rusuna wa Gajere. "Ina kwana, Maigida."

Gajere ya jira dariya ta biyo baya. Ba ta biyo ba. Dogo ya zauna can gefen buhu, ya jawo zare.

Abin ya tsaya wa Gajere a rai. Kujerar ta yi masa rana, gaskiya, tun da ya hau ta yake tafiya gida ba ɗingishi. Amma mutum ne shi da ba ya iya haɗiye shayi in na kusa da shi ya yi shiru.

Can sai ga wani direba yana tsalle da ƙafa ɗaya, takalminsa a hannu, maɗaurin ya tsinke. Gajere ya dafa ya tashi.

"Zauna nan, Malam, kada ka taka ƙusa. Kujerar ta masu jira ce."

Gajere ya sauka ƙasa a hankali yana cije leɓe, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ta ratsa cikin kayan aikin Dogo.

Dogo ya dube shi. "Gwiwar fa?"

"Tana nan. Miƙo basilla."

Dogo ya jima yana juya ta a hannu kafin ya miƙa.

"To janye wannan taɓaryar taka daga cikin ƙusoshina, tsohon banza."

"Ba zan janye ba," in ji Gajere, ya soka basilla a maɗaurin.