Hannun da Aka Ɗaure

Malama ta ɗaga takardar da yatsu biyu, kamar wadda ta tsinto mataccen ɓera.

"Ke ce uwar wannan?"

"Ni ce, Malama," in ji Umma, tana gyara mayafinta. Har da guntun zare maƙale a hannun rigarta, don daga kan keken ɗinki aka taso ta. Ajin cike yake maƙil, yara a benci, yara a ƙasa, wasu har kan taga, kuma duk idanun nan a kanta suke. A gefenta 'yarta ce tsaye, wadda kowa ke kira Aku saboda surutu. Ta ɓoye hannun hagunta a baya. Yatsun sun kumbura.

Rubutu ya cika takardar daga sama har ƙasa, har ya gangara gefe inda wuri ya ƙare. A samansa an zana ƙaton sifili da jan biro. Karatun Umma bai yi nisa ba, amma ta san sifili in ta gan shi.

"Kurakurai ne suka yi yawa, Malama?"

"Ban karanta ba." Malama ta nuna ajin da haɓa. "Dubi nan. In na ce sai na karanta abin da kowa ya rubuta, a nan zan kwana. Abin da nake dubawa shi ne tsabta, da zaman harafi a kan layi, da hannun da ya riƙe fensir. 'Yarki bahaguwa ce. Na yi magana, na yi duka, rulata har ta tsage."

"Malama, labarin magenmu ne," Aku ta yi caraf, "wadda ta haihu a ƙarƙashin keken Umma, ɗaya baƙi ne wuluk, shi ne Kaka ya ce..."

"Rufe min baki!"

Ajin ya fashe da dariya. Wata daga baya ta ce, "Bahaguwa!"

"Ƙarshen zango akwai jarrabawar rubutu," in ji Malama. "Ko ta rubuta da dama, ko ta maimaita aji. Ki riƙa ɗaure hannun a gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Umma ta so ta tambaya ko rubutun hagu ba ya karantuwa ne. Tambayar ta zo har bakinta. Sai ta kalli gilashin Malama, da tulin littattafan da ke kan tebur, ta haɗiye.

"To, Malama. Allah ya saka da alheri."

* * *

A gida ta zaɓi ƙyalle mai laushi cikin ragowar ɗinki, wanda ba zai ci fata ba. Ta naɗe hannun, ta ɗaure shi a ƙugun yarinyar ta baya.

"Ya yi tsauri?"

"A'a, Umma. Na zama kazar kasuwa!" Aku ta yi tsalle tana dariya.

Kaka, mahaifin Umma, yana zaune a bakin ƙofa. Idanunsa sun yi rauni, amma kunne ras. Kullum da yamma Aku kan ɗauki allin ɗinkin Umma ta cika bangon bayan keke da labari, sannan ta karanta masa. Da safe Umma ta goge da tsumma tana faɗa, da yamma a sake cikawa.

"Uwargida, ina labarina na yau?" in ji shi. "Ko kin yi sabon miji ne kin manta da tsoho?"

"Tsoho mai ran ƙarfe, ka yi haƙuri! Yau da sabon hannu zan rubuta maka."

Ta durƙusa gaban littafinta. Fensirin ya ƙi zama. Ta matse shi har kan yatsunta ya yi fari, ta fito da harshe, ta ja. Harafin farko ya fita a karkace kamar kujera mai karyayyiyar ƙafa. Kafin ta gama kalma ɗaya, sauran maganar ta gudu daga kanta. A bayanta, cikin ƙyallen, yatsun hagu suna ta motsi, suna rubuta abin da babu mai gani.

Umma ta ga motsin. Ta mayar da ido kan keke, ta taka da ƙarfi.

Haka aka yi ta yi kullum bayan makaranta. Dariyar kazar kasuwa ba ta daɗe ba. Aku ta fara zubar da ruwa in an aike ta, tana tsayawa gaban kofi tana tunanin hannun da za ta miƙa. Wata rana ta dawo da sabon shatin rula a wuyan hannu, wai ta manta ta ɗauki abin goge rubutu da hagu. Bangon bayan keke ya tsaya a kan labarin ƙarshe, Umma kuwa ta kasa goge shi.

Sai wata yamma Kaka ya ce, "Uwargida, ina 'yan magen suka shige?"

"Su... su... suna..." Aku ta runtse ido. "Suna ƙa... ƙa..."

Ta tashi ta shige ɗaki.

Kaka ya juyo da fuskarsa wajen ƙarar keken.

"Ke, kwance mata hannun nan."

"Baba, jarrabawa saura kaɗan."

"Yarinyar da ko numfashi ba ta tsayawa yi in tana magana, yau ita ce da in'ina? Ba a hannu kaɗai kika ɗaure ta ba."

"To ya zan yi, Baba?" in ji Umma. "Ni a aji nawa na tsaya? Ga ni nan ina taka keke har ƙafata ta kumbura. In ta maimaita aji, ƙawayenta suka wuce, zuciyarta za ta fita daga karatun, kamar yadda tawa ta fita. Malama ta fi mu sani."

"Wanda ya yi hannun dama shi ya yi na hagu."

"Ba shi zai ba da maki ba, Baba." Tana faɗa ta kama bakinta. "Astagfirullah."

Washegari ta sake ɗaurewa. Aku da kanta ta juya baya, ta miƙo hannun.

* * *

Ranar ba da sakamako Malama ta tarbi Umma da fara'a.

"Ba na faɗa miki ba? Dubi ikon Allah!"

Takardar fes take, ko ɗigon datti babu. Layi uku ne kacal, waɗanda aka kwafa daga allo: Wannan gidanmu ne. Gidanmu yana da kyau. Ina son gidanmu. Haruffan sun zauna daram a kan layi. Sauran shafin fari fat. A sama, goma bisa goma.

"Ta wuce aji na gaba," in ji Malama. "Kuma kin ga har surutun nan ta daina. Yanzu da a ce duk iyaye irinki ne, ai da mun huta."

Umma ta yi godiya. A hanya ta saya wa Aku alewa. Yarinyar ta karɓa da dama, ta riƙe har gida ba ta ɓare ba.

"Uwargida ta ci jarrabawa!" in ji Kaka, yana lalubo kanta ya shafa. "To yanzu sai a biya ni bashin labarina. An tsaya a inda baƙin ɗan mage ya faɗa cikin kwandon zare. Daga nan fa?"

Aku ta kalli bangon. Rubutun allin yana nan, ya fara dushewa, ya yanke a tsakiyar layi.

"Ba... ba... babu," ta ce.

Umma ta buɗe aljihun keke ta ciro sabon alli, wanda ko sau ɗaya ba a yi amfani da shi ba. Ta durƙusa, ta ajiye shi a kan tabarma, daidai gefen hagun yarinyar.

"Ɗauki, 'yata. An gama jarrabawa. Babu mai ganinki."

Yatsun suka motsa, suka matsa kaɗan wajen allin. Sai Aku ta kalli ƙofa. A hankali ta ɗaga cinyarta, ta tura hannun ƙarƙashi, ta zauna a kansa.

A kan ƙusa, bayan keke, ƙyallen yana rataye. Ba a ƙara buƙatarsa ba.