Gurbin da Aka Bari Fanko

Wata shida na yi ina haɗa bayanan asibitoci uku wuri ɗaya, har na fara ganin layi-layi a bangon ɗakina. Kowane asibiti da nasa salo. Wannan ya rubuta shekaru, wancan ranar haihuwa, na ukun ya rubuta "dattijo" ya huta. Aikina shi ne gina ontoloji, wato tsarin da ke koya wa kwamfuta cewa wannan gurbi da wancan abu ɗaya suke nufi. Da na gama, kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Ranar Talata da hantsi, sati biyu da fara aiki da tsarin, tsohuwar mai ajiye kati ta ƙaramin asibitin cikin ukun ta leƙo ofishina karɓar makulli. Ta tsaya a bayana tana ƙare wa kwamfutar kallo.

"'Yata, ina jajayen?"

"Waɗanne jajaye, Inna?"

"Mu ai wanda jikinsa ba ya karɓar wani magani, ba ma cika masa gurbin nan na cikin kati. Jan layi muke ja a bangon katin, mu rubuta maganin a kai, don a hango tun daga nesa. Masu shigar muku da bayanai kuwa cikin katin kawai na ga suna buɗewa."

Nan take na gane kuskurena. A manyan asibitocin biyu, idan gurbin fanko ne, to an tambaya, babu matsala. Ni da hannuna na shimfiɗa wa duka ukun doka ɗaya: fanko na nufin babu. Ko mutum ɗaya ban tambaya ba.

Babana shekara ashirin yana da kati a ƙaramin asibitin. Allurar penisilin ta taɓa kai shi bakin kabari. Kuma da safen nan ƙanena ya kawo shi nan babban asibiti, saboda gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa.

Na buga lambar katinsa. Maganin da jiki ba ya karɓa: babu.

Na kira ƙanena, waya a kashe. Na kira ɗakin majinyata, wayar tana ta ƙara ba mai ɗauka. Ban san lokacin da na fita ba. Na ratsa tsakar asibitin da gudu, na ture wani mai tura keken marasa lafiya, ko haƙuri ban ba shi ba. A matakala takalmina ɗaya ya fita, na bar shi nan. Tsoro ya hana ni ko addu'a in haɗa daidai, "Ya Allah" kawai nake ta maimaitawa.

Yana gado na huɗu, an rataya masa ruwa. Na damƙe robar na lanƙwasa ta.

"Me kuka sa a ciki?" na tambayi nas ɗin da ke wurin.

Ta faɗi sunan. Penisilin ce.

"Tun yaushe?"

"Bai fi minti biyar ba. Lafiya?"

"Jikinsa ba ya karɓa! Kira likita!"

Ta cire ruwan ta fita a guje. Baba yana sosa wuya, leɓensa ya fara tashi, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Baba, me ya sa ba ka gaya musu ba?"

"Na gaya mata," ya ce a hankali. "Ta duba, ta ce kwamfuta ta ce babu. Sai na ce to a sa. 'Yata ce ta yi abin nan, ba za ta yi kuskure a kaina ba."